Tururuwa, Cinnaka da Kiyashi a Gidan Makiyayi: A San Irinsu Kafin a Sayi Magani

Daga faɗuwar ruwan farko har zuwa kaka, maganar tururuwa da danginta tana cikin abubuwan da makiyaya da mata masu kiwon gida suke yawan kawo mana. Wani ya wayi gari cinnaka ya lulluɓe ƴan zabin da aka ƙyanƙyashe jiya. Wata ta buɗe ƙwaryar nono ta tarar kiyashi ya yi iyo a ciki. Mai kula da mangazar ƙungiya yana kallon layin tururuwa yana fita da hatsi dare da rana. Abin da aka saba yi shi ne a jira ranar kasuwa, a sayo garin magani ko piya-piya, a barbaɗe ko'ina. Bayan kwana uku layi ya dawo, kaji biyu sun mutu, ɗan akuya yana dalalar da miyau.

Darasin yau yana kan yadda za a kauce wa wannan asara biyu: ɓarnar ƙwaron da ɓarnar maganin. Kowane iri da abin da yake kawo shi gida, kowane kuma da hanyar da ake bi da shi. Wanda ya gane irin da ya shigo masa ya gama rabin aiki, sau da yawa ma ba tare da ya kashe ko dala ba.

Me ya sa kashe layi ba ya kawo ƙarshensu?

Waɗanda kuke gani suna yawo a tsakar gida ma'aikata ne, kuma ba sa haihuwa. Mai yin ƙwai tana can cikin rami: uwa ce babba wadda ake kira sarauniya, tana iya shekaru tana zuba ƙwai ba ta leƙo waje ba. Tare da ita akwai ƙwai, da ƴaƴa farare masu kama da ƙananan tsutsotsi, da wasu ma'aikatan masu reno. Masu fita neman abinci kaɗan ne daga cikin jama'ar gidan. In an kashe su yau, na ciki za su maye gurbinsu cikin ƴan kwanaki.

Idan ɗaya ta samu abinci, tana komawa gida tana shafa wani wari a ƙasa, sauran su bi warin. Wannan ne ya sa suke jeruwa kan hanya ɗaya. In sun koma kuma sukan amayo abin da suka sha su ba na ciki baki da baki, har ya kai ga sarauniya. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, warin hanya da rabon abinci, domin duk dabarun da za su zo a gaba a kansu aka gina su.

Bayan ruwan farko za ku ga masu fiffike suna tashi da yawa. Hausawa na cewa in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi, kuma gaskiya ne mafi yawansu tsuntsaye da ƙadangaru ne suke cinye su. Amma wadda ta tsira sai ta karya fiffikenta, ta haƙa rami, ta kafa sabon gida. Saboda haka farkon damana ne lokacin da ya fi dacewa a zagaya gida a duba sababbin ramuka tun ba su yi zurfi ba.

Iri biyar da za ku iya haɗuwa da su

*Tururuwa.* Baƙa ce ko mai duhun ja, wasu da babban kai. Ƙwayar hatsi da irin ciyawa take tarawa. Ana gane gidanta daga nesa: fili ne share tas babu ciyawa, ga ƙaiƙayi a tare a bakin rami, ga hanyoyi sun fita ta ko'ina kamar turbar shanu. Ramin yana da zurfi da ɗakuna da yawa, har a shekarun yunwa mutanen Sahel sun sha tona shi don kwashe abin da ta tara. Ɓarnarta a rumbu take, da mangaza, da wurin sussuka, da filin da aka watsa iri. Ba ta cika damuwa da jikin dabba ba.

*Cinnaka.* Baƙi ne, siriri, bai kai tururuwa girma ba, harbinsa kuwa kowa ya san shi. Yana son wuri mai laima: gindin randa, ƙarƙashin kwamin shan ruwa, tsaguwar daɓe, ƙasan tabarma da duwatsun akurki. Yana cin ƙwari, nama, maiƙo da ƙwayar hatsi. Ba ya yin dogon layi mai kauri, a warwatse yake yawo. Shi ne babban abokin gabar ƴan tsaki da jariran dabbobi.

*Kiyashi.* Ɗan mitsitsi ne, ja-ja ko ruwan ƙasa. Zaƙi da maiƙo ke kiransa: sukari, nono, man shanu, cuku, kilishi, da garin bitamin na kaji da aka bari a buɗe. Gidansa yana cikin tsaguwar bango, ramin azara ko tsakanin kaya. Wasu irinsa suna da sarauniya fiye da ɗaya, kuma in aka fesa musu magani sai gidan ya rabu gida-gida, wuri ɗaya ya koma uku.

*Kwarkwasa.* Tana tafe cikin runduna mai kauri, manyan masu ƙarfin baki a gefe suna gadi. Ta fi son laima da inuwa, wato fadama, garka da bakin ruwa, kuma da damana aka fi ganinta. Ba ta zama wuri ɗaya dindindin, farauta ce take kawo ta, in ta gama ta wuce. Haɗarinta ga abin da ba zai iya gudu ba ne: kaza a rufe cikin akurki, rago a turke, dabbar da ta kwanta ta kasa tashi.

*Gwano.* Babba ne, baƙi, mai wari, wanda aka yi wa karin maganar nan ta rashin jin warin jiki. Gara yake farauta. In ba a ɗakin kwana ya yi gida ba, ku ƙyale shi, aiki yake muku.

Akwai kuma gara, wadda ba dangin tururuwa ba ce ko kaɗan, amma ana yawan haɗa su idan sun yi fiffike. Ku kama ɗaya ku duba. Tururuwa tana da siririn ƙugu, ƴan ƙahonin kanta a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu, fiffiken gaba ya fi na baya tsawo. Gara ba ta da ƙugu, ƙahoninta a miƙe suke, fiffikenta huɗu duk tsawo ɗaya. Gara tana yin rufin laka ta bi ta ciki, tana cin itace, kara da harawa. Tarkon sukari da za mu bayyana a gaba ba ya yi mata komai.

Abin da suke jawo wa kiwo

Na farko shi ne harbi da cizo ga masu rauni. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabuwa tsakanin kwana 26 da 28. Lokacin da ɗan tsako ya huda ɓawo, danshi da ƙarnin ƙwai suna kiran cinnaka, ya shiga ta hudar ya kashe shi tun bai fito ba. Kazar da ake harbi kuma takan tashi ta bar ƙwai su yi sanyi. Haka ɗan rago, ɗan akuya ko maraƙin da aka haifa da dare kusa da rami: jini da mabiyiya suna jawo su, su nufi ido, hanci, baki da cibiya. Harbi a ido yana iya barin farin tabo ko makanta, miki a cibiya kuma ƙofa ce ga ƙuda da ƙwayoyin cuta. A ƙarshen rani, saniyar da yunwa ta kayar tana cikin wannan haɗarin.

Na biyu ba a ganinsa da ido, shi ne tsila, tsutsar ciki mai faɗi mai gaɓa-gaɓa da ke kama kaji da zabi. Gaɓoɓinta cike da ƙwai suna fitowa cikin kashin kaza. Ƙananan tururuwa da cinnaka su kwashe su kai gida, tsutsar ta fara girma a jikinsu. Kaza ta tsattsage su ta haɗiye, cikin kamar mako uku tsila ta balaga a hanjinta. Alamun su ne rama duk da ana ci, zawo, saukar fiffike, raguwar ƙwai, da wasu ƴan fararen abubuwa kamar tsakin shinkafa a cikin kashi. Ƙanana sun fi jin jiki. A lura, maganin tsutsa mai piperazin, wanda aka fi samu a kasuwa, ba ya kashe tsila. Sai mai niklozamid ko prazikantel, kuma likitan dabbobi ne zai faɗi adadi. In an ba da magani ba a share kashin kaji an rage ƙwarin da ke akurki ba, tsutsar dawowa take.

Shanu, tumaki da awaki ma suna da tasu. Akwai wata ƙaramar tsutsar hanta, tsawonta wajen santimita ɗaya, da ke zama a hanyoyin matsarmama, kuma sananniya ce a Afirka ta Yamma. Ƙwanta yana fita cikin kashin dabba, katantanwar tudu ta ci, daga jikinta ya koma jikin wata irin tururuwa. Tururuwar da ta kamu sai ta hau ciyawa ta maƙale, dabba ta haɗa da ita ta cinye. Wannan daban take da babbar tsutsar hanta da ake ɗauka a fadama da tabki. Ba wanda zai iya kashe tururuwar daji, saboda haka maganinta yana wurin dabba: a ba da maganin tsutsa a ƙarshen damana. Adadin da aka saba bayarwa don tsutsar hanji ba ya isarta, kuma albendazol ba a ba dabbar da ke farkon ciki, don haka a nemi shawarar ma'aikacin kiwo. Idan mahauta suka ce sun ga hanta ta yi tauri da ƙananan tsutsotsi a dabbar garkenku, ku sanar da shi.

Na uku asarar cimaka ce da iri. Hatsi, dawa, dusa da tunkuza suna fita kaɗan-kaɗan ba a sani ba. Ƙungiyoyin da ke raya makiyaya da ramukan rabin wata sun san wannan: in aka watsa irin kyasuwa, gamba ko gadagi a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, tururuwa tana iya kwashe mai yawa kafin ya tsiro. A jira ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, a shuka, a ja ƙasa kaɗan a rufe.

Na huɗu tsabtar nono ce. Kiyashin da ya bi ta kan kashin kaji ko bakin masai shi ne zai hau ƙwarya, yana ɗauke da ƙazanta a ƙafa. Nonon da za a kai cibiyar tattarawa ko cukun da za a kai kasuwa ba ya son wannan.

Duk da haka ba duka ne abokan gaba ba. Da yawansu suna cin tsutsar ƙuda a cikin taki, da gara, da kaskar da ta sha jini ta faɗo ƙasa, ramukansu kuma suna shigar da ruwa cikin ƙasa. Manufa ita ce a raba su da akurki, wurin haihuwa, ɗakin nono da mangaza. Na daji a bar su a dajinsu.

Matakai biyar, a bi su a jere

*Mataki na 1: a bi layi.* Da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da suka fi fita, ku bi su gaba da baya: ina suke zuwa, daga ina suke fitowa? Ku kafa tsinke a bakin kowane rami. In ba ku tabbatar da abin da suke so ba, ku sa abu uku a kan tsingaro kusa da hanyarsu: ɗigon ruwan sukari, ɗan garin ƙuli-ƙuli, da ɓarzajjen hatsi. Ku kifa kwando don kaji, ku dawo bayan awa ɗaya. Inda suka taru ya gaya muku irinsu da abin da za a yi musu tarko da shi.

*Mataki na 2: a ɗauke abin da ya kira su.* A share zubabben hatsi da dusa kowace yamma. A wanke ƙwarya, bidon da matacin nono da sabulu, a kife su a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa. A fitar da fasasshen ƙwai, ɓawo da mataccen tsako daga akurki nan take. A gyara inda ruwa ke ɗiga. Dusa da tunkuza a zuba su a ganga mai murfi, wake kuma a buhun nan mai ruɓi uku na PICS, a ɗaure kowane ruɓi daban. A goge hanyar da suke bi da ruwan sabulu, domin yana share warin da suke bi.

Mabiyiya da ɓarin ciki a binne su a rami mai zurfin aƙalla rabin mita, nesa da rijiya, kuma kada a taɓa su da hannu tsirara, a sa leda. Wannan ya wuce maganar tururuwa: ta nan ake ɗaukar cutar bakkale, da zazzaɓin Rift wanda ya kashe mutane da dabbobi a yankin Cintabaradan da Tasara na jihar Tawa a 2016.

*Mataki na 3: a yi shinge.* Busasshiyar toka mai laushi, faɗin tafin hannu, a zagaye akurki, ƙafafun rumbu da turke. Tana aiki muddin a bushe take, raɓa ko ruwa ya taɓa ta sai a sake. Teburin nono, gadon shanya cuku da mazaunin kaza mai kwanci a tsoma ƙafafunsu cikin gwangwani mai ruwan sabulu, a riƙa ƙarawa. A tabbatar babu kara, igiya ko zane da ya taɓa ƙasa ko bango, domin tsinke ɗaya ya ishe su gada. A lilliƙe tsaguwar bango da daɓe da laka ko siminti. A cire ciyawa da tarkace taku biyu kewaye da rumbu.

Ruwan ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, yana korar su na ɗan lokaci: a daka ƙwayar giram 500, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ta kwana, a tace, a yayyafa a bango da ƙasan akurki bayan an fitar da kaji. Kora yake yi, ba ya kai wa ga sarauniya.

*Mataki na 4: a kai ga gidan.* In ramin a fili yake a tsakar gida, tafasasshen ruwa ya fi komai sauƙi. Da sanyin safiya a buɗe bakin ramin da fartanya, a kwarara wajen lita 10 a hankali don ya shiga ciki. A kawar da yara da kaji tukuna, kada kuma a yi a gindin itacen da ake so. Gidan cinnaka ba ya da zurfi sosai, sau ɗaya ko biyu yakan isa. Na tururuwa sai an maimaita kwana biyu ko uku, wani lokaci har an haɗa da tono. Bayan nan a cike ramin a daddaɓe.

In gidan yana cikin bango ko inda ba a gani, kamar na kiyashi, sai tarko mai guba a hankali. Ana samun garin asid borik a farmasi. Ga haɗin:

- ruwa mai ɗumi, kwatan lita
- sukari, cokalin cin abinci 4
- asid borik, rabin cokalin shayi a shafe

A dama har ya narke. A jiƙa auduga, a sa cikin ƙaramar roba ko gwangwani mai murfi, a huda gefensa da ƙusa daidai shigar kiyashi. A ajiye a kan hanyarsu, bayan tukunya ko ƙarƙashin dutse, inda yaro, kaza ko ɗan akuya ba zai kai ba. Ga cinnaka, wanda ya fi son maiƙo, a jiƙa garin ƙuli-ƙuli da wannan ruwan a sa cikin robar.

Kurakurai uku ke ɓata wannan tarko. Ƙara garin ya wuce kima: sai ya kashe mai ɗauka a hanya, ko su ƙi sha, alhali so ake ya rayu ya kai gida ya raba. Fesa magani kusa da tarkon: sai su ƙaurace. Gajen haƙuri: kwanakin farko za ku ga sun ƙaru a wurin, alamar tarko ya karɓu ke nan. A riƙa sabunta audugar duk kwana uku ko huɗu, har mako biyu zuwa huɗu. Tarkon ya fi cin kiyashi. Tururuwa mai tara hatsi ba ta damu da ruwan sukari ba, nata maganin shi ne rufe hatsi da aikin rami. Sauran haɗin a rubuta masa alama a ɓoye shi, kada a zuba shi a robar lemo: asid borik guba ne ga yaro da ɗan tsako in sun sha.

Kwarkwasa ba a yi mata tarko, ba a kuma neman gidanta. In ta doso, a kwance dabbobin da ke turke, a kwashe kaji da ƴan tsaki cikin kwando a rataye, a zuba toka mai zafi a gabanta ta sauya hanya. A kula da wuta kusa da zana da harawa. Cikin awoyi ko kwana ɗaya takan wuce.

*Mataki na 5: maganin kasuwa, in sauran sun gaza.* A saya wurin mai izini, cikin mazubinsa na asali mai rubutu. Magungunan da kwamitin Sahel na magungunan ƙwari, CSP, na ƙungiyar CILSS ya amince da su suna ɗauke da lamba mai ƙarewa da HOM-SAHEL ko APV-SAHEL. A sa shi cikin rami ko tsaguwa kaɗai, a rufe da ƙasa. Kada a barbaɗa a fili inda kaji ke tsattsaga, ko cikin kwami, ko kan buhun dusa, ko cikin sheƙar kwanci. Wasu magungunan suna ratsa jikin kaza su fito cikin ƙwai: a 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai saboda an yi amfani da fipronil a gidajen kaji.

Abubuwa huɗu a nisance su gaba ɗaya. Piya-piyar da ake ɗurawa a kwalabe marasa suna, domin tana shiga jiki ta fata da numfashi. Ƙwayar fostoksin ta buhun wake, wadda wasu ke jefawa a rami kusa da ɗaki: iskar da take fitarwa tana kashe mutum yana barci. Allin kashe ƙwari, wanda yara ke ɗauka kamar na makaranta. Sai fetur, gazuwal da baƙin mai a rami, masu jawo gobara da ɓata ruwan rijiya.

Idan abin ya riga ya faru

Dabbar da suka lulluɓe, a ɗauke ta daga wurin tukuna. A kakkaɓe da tsumma ko hannu cikin leda, a duba kunne, hanci, baki, ƙarƙashin wutsiya da cibiya. A wanke jiki da ruwan sabulu, ido kuma da ruwan da aka tafasa ya huce, rabin lita da gishiri cokalin shayi ɗaya. A shafa aidin a cibiya. Jariri a goge shi ya bushe, a taimaka masa ya sha dakashi cikin awoyin farko. In ido ya rufe, ya yi fari ko yana ruwa washegari, a kira likitan dabbobi. Kada a fesa wa jariri ko ɗan tsako maganin ƙwari a jiki.

Alamun gubar piya-piya da danginta su ne dalalar miyau, hawaye, ƙanƙancewar ƙwayar ido, makyarkyata, zawo da wahalar numfashi. A fitar da dabbar iska, a wanke inda maganin ya taɓa da sabulu, a kira likita ko mataimakinsa na SVPP nan da nan, a nuna masa mazubin maganin. Akwai allurar atropin da ke karya wannan guba in an yi ta da wuri. Kada a ɗura mata mai ko nono, maiƙo yana ƙara shigar da gubar cikin jiki, kuma dabbar da ke shure-shure ɗuri yana iya bi mata ta huhu. Naman abin da guba ta kashe ko aka yanka yana cikin magagin guba ba a ci, ba a sayarwa, ba a ba kare. Nonon dabbar a zubar har likita ya ce ya isa.

Mutum ma, in cinnaka ya harbe shi sai fuska ko leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya yi wuya ko jiri ya kama shi, a kai shi gidan likita ba tare da jira ba. Wasu jikinsu ba ya ɗaukar wannan harbi, kuma abin yana iya kai wa ga rai.

Aikin ƙungiya

Mangazar cimakar dabbobi dukiyar kowa ce, kuma a nan asara ta fi yawa. Buhuna su hau katako, santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, rabin mita daga bango, yadda mutum zai zagaya da tsintsiya. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Buhun da ya yage a ɗinke shi ranar. Kada a ajiye maganin ƙwari ɗaki ɗaya da dusa. Mai mangaza ya zagaya ciki da waje sau ɗaya a mako, ya rubuta abin da ya gani a littafi.

Ga yadda za a raba aikin a shekara. A watan Mayu, kafin ruwa, a lilliƙe tsaguwa, a gyara akurki da ƙafafun rumbu. Yuni da Yuli, bayan tashin masu fiffike, a nemi sababbin ramuka a yi musu ruwan zafi. Cikin damana, lokacin kwancin zabi, a share kewayen sheƙa a zagaye da toka kwana biyu kafin ƙyanƙyasa, wato wajen kwana na 19 ga ƙwan kaza, na 24 ga na zabuwa. Tunkiya da akuya wata biyar suke ɗauka, in haihuwa ta matso a duba makwancinsu kowace yamma. Da kaka a tsabtace wurin sussuka, a ba garke da kaji maganin tsutsa.

A taronku na gaba ku zagaya gida ɗaya tare, mata da maza, domin matan ne suka fi sanin inda kiyashi da cinnaka suke fitowa. Ku tambayi kanku: wane iri ne wannan, me ya kira shi, ina gidansa, wace dabba ce a gidan nan ba za ta iya gudu ba in ya zo? In ƙungiya ta sayi asid borik ɗaya, mutum ɗaya da ya koyi awo ya riƙa haɗa wa kowa, an rage kuɗi, an kuma rage gubar da ke yawo a gidaje.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare garke.